Ranar Da Giwar Baba Ta Ƙi Jin Magana

Yaya, duk abin da kike yi ajiye shi, ko karatun jarrabawa ne. Ni ko yunifom ban cire ba, safata ɗaya ma tana can cikin taɓon filin makaranta, amma na rantse ba zan ci abinci ba sai na rubuto miki, kafin Baba ya kira ki ya ba ki nasa labarin. Kin san shi, a nasa labarin shi ne ya ci.

Mukullin Giwa yana hannun Mama. Eh, Giwa dai, jif ɗin Baba, wadda in kika rufe ƙofarta da ƙarfi sai ya ce kin ji mata ciwo. Mama ce ta tuƙo mu gida yau, Baba yana kujerar gefe da wando duk laka. Ni kuma na samo sabon suna a makaranta wanda nake jin har in tsufa ba zai sake ni ba. Bari dai in faro daga farko.

Kin tuna ƙaramar bas ɗin makarantarmu? Bayan tafiyarki aka yi ta ruwa, direban ya zo yin ribas a bayan filin wasa, ta zurma cikin kwarin nan da ruwa ke kwanciya, ta kafe har rabin taya. Ta zauna a nan har 'yan aji ɗaya suka mayar da ita wurin cin abincin tara. To ranar taron iyaye da malamai, Shugabar makaranta ta ce za a nemo janwe, motar nan mai jan motoci, ya fito da ita. Ina bakin taga ina leƙe, sai na ga Baba ya miƙe yana gyara tabarau. A raina na ce shi ke nan, an taɓo shi.

"Janwe kuma, ranki ya daɗe?" in ji shi. "Ina da Giwa a gida ake neman janwe? Fowil ce fa, da taya huɗu take ja. Ku sa rana kawai, ku tara yara su ga ilimi."

Aka tafa masa. Ni ma daga taga na tafa har malamar ladabtarwa ta juyo.

Abin da bai gaya musu ba shi ne, Giwa kwanan nan in ta zo hawan layinmu sai dai ihu. Inji na kuka kamar zai fito, ita kuwa tana hawa kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Bakanike ya duba ya ce wani abu ne a cikinta ya gaji, tok kwanbata, a kawo masa ita ya canja. Baba ya ce wai shi mai gwada idon mutane, mai ɗaura kusar tabarau wadda ba ta kai ƙwayar gishiri ba, shi ne zai kai motarsa a kwance masa ƙatuwar kusa? Ya yi odar sabo, babba, irin na jan kaya, ya ce da hannunsa zai ɗaura a tsakar gida.

Ranar da aka kawo kwalin, mu biyu muka ciccibo shi da ƙyar. Ya buɗe, na leƙa. Yaya, kamar kwanon ƙarfe biyu aka kifa wa juna aka liƙe. Mama ta fito daga kicin tana goge hannu ta ce, "Wannan tukunyar ce ta hana mu barci?"

"Tukunya," in ji Baba, yana kallona kamar ni ce shaidarsa. "Auta, saurara. Mota mai giyar otomatik ba ta da kuloci. Wannan shi ne a madadinsa. Yana zaune tsakanin inji da giyabos, cike da mai, shi yake karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Wannan sabon kuwa, gini ma sai ya ja."

Duk wannan bayanin ni suna kawai na riƙe. Kin san ni ce ta biyu a Turanci a ajinmu. Na zauna na yi lissafi: tok dai da Turanci magana ce, kowa ya sani. Kwanbata kuma mai juya abu ne ya zama wani abu, mun yi a darasin lissafi. Na ji kaina ya yi wani haske.

"Baba, wato magana yake juyawa ta zama tafiya?"

Shi kuwa yana can yana shafa tukunyarsa, kuma kin san tunda muka taso ba mu taɓa jin ya ce bai sani ba. Ya ce, "Kusan haka ne, kusan haka ne. Yarinyar nan ni ta gado."

"Da magana na zama tafiya," in ji Mama, "da tuni babanku ya kai mu duniyar wata ya dawo da mu."

Daga nan aka fara. Mama ta ce ya kai wa bakanike. Baba ya ce kar ta sa masa baki a harkar mota. Mama ta ce ita ma tana da lasin, shekara da shekaru yana cikin jaka ko sitiyari bai bari ta taɓa ba. Baba ya ce Giwa ba motar koyo ba ce. Sai Mama ta ja kujera ta zauna, kin san irin zaman nan nata da ke sa mu tuna ko mun wanke kwanuka.

"To mu yi magana ɗaya, Baban Auta. In ka ɗaura da kanka, ka fito da bas ɗin nan da kanka, ba zan ƙara cewa bakanike a gidan nan ba har abada. In kuwa ba ka fito da ita ba, mukulli ya dawo hannuna. Ba aro ba. Hannuna."

"Na yarda. Amma da sharaɗi. Daga yau har ranar, ko kalma ɗaya kar ki ce mini a kan motar nan. Ko gani kika yi tana cin wuta."

"Ko kalma ɗaya," in ji Mama, ta kama bakinta da yatsu biyu.

Washegari ni kuma na isa makaranta tun kafin mai shara. Kafin a buga ƙararrawa duk ajinmu sun san babana zai sa wa motarsa na'urar da ke jin magana. Ka ce mata tafi, ta tafi. Ka ce tsaya, ta tsaya. Monita, wadda kullum take rubuta sunana a masu surutu, ta taɓe baki ta ce ƙarya ne. Na ce sunan abin ma da Turanci yake, in ba ta gane ba ta riƙa zuwa lesin. Kafin tashi labarin ya kai 'yan aji shida, kuma a hanya ya ƙaru, wai motar tana amsa gaisuwa. Ban ƙaryata ba. Na ce wannan sai ta saba da mutum.

Aiki ya fara a tsakar gida. Baba ya sa hancin Giwa yana kallon get, ya tokare tayoyi da bulo, ya sa wata tsohuwar rigar Mama ta girki a kan singileti. Ni ce mai riƙe waya, don a bidiyo yake koyo. Mutumin cikin bidiyon wani yare yake yi da ba wanda ya taɓa ji, amma Baba sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Daidai, ni ma haka na ce."

Tela da Mai Aski na bakin layi suka jawo benci har cikin gida. Ba wanda ya gayyace su.

"Injiniya, sannu da aiki," in ji Tela. "Yau me za a yi wa marar lafiyar?"

"Dashen zuciya," in ji Baba.

"Allah ya sa a tashi lafiya," in ji Mai Aski. "Likitan nake nufi."

Yanzu ki riƙe wannan a ranki, don ni ban riƙe ba. Kin san kusa da babbar giyar Giwa akwai wata 'yar ƙaramar giya, gajeriya, wadda Baba ya hana kowa taɓawa, ta fowil. Kafin ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyi zuwa tayoyi, sai ya tura 'yar giyar tsakiya. Ya ce in tana nan tayoyi sun rabu da inji ke nan, zai iya juya farfelar da hannu ya kai ga kusoshi.

"Auta, in mun gama ki tuna mini in mayar da ita."

Na ce to. Wallahi na ce to. Amma a lokacin ina tunanin yadda fuskar Monita za ta yi ne. Mama tana shanya a igiya a bayanmu, ta juyo ta kalli 'yar giyar, ta kalle ni, ta ci gaba da matse zani.

Ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. Can muka ji ya ce, "Wannan kusar ba ta cikin bidiyo, amma bari mu gani." Sai muka ji shaaa. Sai Baba ya jawo jiki ya fito a hankali, tun daga gashin kai har ƙirji jajawur, yana ɗiga. Ashe man giya ja ne, Yaya, ni ban sani ba. Na saki waya na kurma ihu. Anti Nas ta gidan kusa ta leƙo ta katanga, ta ga abin da ta gani, kafin ka ce me ta shigo da akwatinta na magani ba ko takalmi.

"Ku kwantar da shi. Ina ciwon? Kar ka yi magana."

"Mai ne," in ji Baba.

"Ya fara sambatu. Ku riƙe mini kansa."

Tela ya riƙe kai, Mai Aski ya riƙe ƙafa, duk da sun san mai ne sarai, don na ga kafaɗarsu na rawa. Sai da ta naɗe masa rabin kai da bandeji tana neman rauni, sannan ta shinshina hannunta. Ta miƙe, ta rufe akwatinta, ta ce wa Mama, "Maman Auta, sannu da haƙuri," ta fita. Mama ta raka ta da ido. Ta nuna bakinta da yatsa.

Wayar kuwa a cikin robar man ta faɗa. Daga nan mutumin bidiyo ya koma magana kamar yana ƙarƙashin ruwa, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Baba ya ce dama ya riga ya wuce shi a sani.

Sauke giyabos shi ne tashin hankali. Abin ya fi ni da ke nauyi a haɗe. Baba ya ɗora shi a kan jak, ya ce Tela da Mai Aski su tallafa ta gefe, ni kuma in shimfiɗa tsohuwar katifarki a ƙasa ko da tsautsayi. Yi haƙuri da katifar, Yaya, ta yi shahada. Giyabos ya zame daga jak ya sauka a kanta tim, Tela ya fito da baya yana lissafa yatsunsa, Mai Aski ya ce shi daga yau ko keken yara ya gani a kwance zai canja hanya.

Aka ciro tsohon tok kwanbata. Baba ya wanke shi tas da fetur, wai zai ajiye a falo don tarihi. Aka kwana biyu ana fama, ya tafi shago ya dawo ya shiga ƙarƙashi, ya fito ya ci abinci a tsaye ya koma. A ƙarshe aka ɗaga giyabos, aka mayar, aka ɗaure komai. Baba ya fito ya tsaya a tsakiyar gida ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, an gama. A gaya wa bakanike ya nemi wata sana'a."

Mai Aski ya ce a ba shi kwalin ya riƙa zuba gashi. Ni ce a zaune a kan kwalin, tun ranar farko shi ne kujerata. Na tashi, ya sunkuya zai ɗauka da hannu ɗaya, kwali ya ƙi motsi. Ya buɗe. Sabon tok kwanbata yana kwance a ciki cikin ledarsa, ko ɗigon mai bai taɓa shi ba. Tsohon da aka wanke ya yi ƙyalli, shi Baba ya mayar.

Baba ya kalli kwalin, ya kalle ni.

"Auta, kwana nawa kina zaune a kan abin nan ba ki ji komai ba?"

"Na ji tauri, Baba."

"Gwaji ne," ya ce wa su Tela. "Duk ƙwararre sai ya fara gwadawa da tsohon."

"Haka ne," in ji Tela. "Ni ma sai na ɗinke riga tsaf nake tuna ban sa yadin ba."

Aka sake saukewa, katifarki ta sake karɓa. Wannan karon dai sabon ya shiga, Baba ya cika shi da mai, ya murɗa shi har ya zauna daram, ni shaida ce. Amma lokaci ya tafi. Sai yau da safe, ranar da aka sa, ya ɗaure kusar ƙarshe. Ba lokacin gwaji. Ya yi wanka, ya sa fararen kaya, farare fa Yaya, ya sa baƙin tabarau daga shagonsa da takardar kuɗin ma ba a cire ba tana lilo a gefen kunne.

Ya ce wa Mama ta shigo a kai ta ta ga abin tarihi. Ta girgiza kai, ta nuna ƙafarta, wato za ta taka. Na ga ta riƙe wata baƙar leda, ban kula ba.

Na shiga gaba. Baba ya tayar da inji, ya yi wani irin gurnani mai daɗi. Tela da Mai Aski suka janye bulo daga tayoyi. Baba ya sa giya. Na gyara murya na ce, "Giwa, tafi."

Ta tafi.

Yaya, ta tafi. Na kusa suma. Ta silale ta fita get ta hau titi lumui, ba ko girgiza. Na ce, "Ƙara sauri," ta ƙara. Na ce, "Yi a hankali," Baba ya taka birki ta yi a hankali, amma ni ban kalli ƙafarsa ba. Shi kuma sai cewa yake, "Kin ji laushi? Ko canjin giya ba a ji. Wannan shi ne aikin hannu." Yana taka totur inji na ihu, yana ɗaga wa mutane hannu.

Mu biyu, da mai gwada ido da ta biyu a Turanci, ba wanda ya tuna cewa daga tsakar gidanmu har get ɗin makaranta gangara ce. Ko baro ka saka a layinmu da kansa zai kai makaranta.

Muka shiga makaranta, filin wasa cike. An fito da kowane aji, malamai a kan kujeru, Shugaba a ƙarƙashin laima, Monita a sahun gaba ta harɗe hannu. Giwa ta gangara har bakin kwarin, Baba ya taka birki ta tsaya hancinta na kallon hancin bas. Direban bas ya ce ya juya ya ba ta baya. Baba ya ce da ribas zai ja, gwanaye haka suke yi. Aka ɗaura doguwar sarƙa daga gaban Giwa zuwa gaban bas.

Ni kuma, don Allah ki ji ƙarfin hali, na sauka na je wurin malamin wasanni na ce ya ara mini lasifikarsa ta hannu. Ya ce me zan yi da ita. Na ce motar ba za ta ji ni ba a cikin hayaniya. Ya ba ni, ina jin don ya ga ƙarshen abin ne.

Baba ya sa ribas, ya leƙo ta taga ya ɗaga babban yatsa. Na kafa lasifika a baki, duk makaranta ta yi tsit.

"Giwa, ja da baya."

Inji ya yi ƙara. Giwa ba ta motsa ba. Sarƙa tana kwance a ƙasa abinta.

"Giwa, ribas."

Baba ya ƙara taka totur, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Ko ciyawar da ke ƙarƙashin taya ba ta lanƙwasa ba.

"Gwada Turanci," in ji Monita da ƙarfi. "Ai ke ce ta biyu."

Yaya, na gwada. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, na gwada. Na yi mata Turanci, na haɗa da roƙo, har na ce mata don Allah. Wani ɗan aji uku ya ce in gaishe ta tukuna, ƙila fushi ta yi. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba kamar ruwan sama. Na ga Shugaba ta rufe baki da hankici.

Baba ya tura giya zuwa fakin, ta yi wani ƙarrr, ya sauko ya bar inji na aiki. Hambirki kuwa kin san ra'ayinsa, wai na masu tsoro ne, fakin ya isa. Ya zagaya bayan motar, ya cire tabarau, ya fuskanci jama'a.

"Yara, ku natsu ku ƙaru. Sabon kwanbata kamar sabon takalmi ne, sai ya saba da ƙafa. Yanzu man yana zagayawa, yana ɗumama, yana tara ƙarfi. In ya tashi ja, ku matsa, don ban san inda bas ɗin nan za ta tsaya ba."

Yana faɗa ya jingina da bayan Giwa, da duk nauyinsa, ya harɗe ƙafa. Ni kuma a daidai lokacin haushi ya gama cika ni, hawaye ya fara zuwa, na manta lasifika na bakina na ce, "To ki tafi duk inda kika ga dama."

Ta tafi.

A hankali ta fara, kamar mai tunani. Baba ya bi ta da baya da baya yana neman abin jingina, ya zauna daɓas a cikin laka da fararen kayansa. Giwa ta gangara kwarin ba kowa a ciki, ta shiga taɓo tsulum, ta je ta sa hancinta a hancin bas a hankali kamar masu gaisawa. Yanzu motoci biyu ne a kafe.

Filin ya fashe. 'Yan aji ɗaya suna tsalle suna cewa ta ji magana, ta ji magana. Na bi ta da gudu ina cewa tsaya a lasifika, a nan taɓo ya cinye mini takalmi da safa. Takalmin na samo.

Sai ga Mama. Ta ratso tsakiyar fili ba sauri, Tela da Mai Aski na bin ta a baya kamar masu tsaronta. Ta tsaya a kan Baba, ta nuna bakinta da yatsa, ta ɗaga gira.

"Yi magana," in ji Baba daga ƙasa.

"Mukulli."

"Yana jikin motar."

"Na waye yanzu?"

Baba ya kalli bas, ya kalli Giwa, ya kalli Shugaba. Ya ce, "Naki ne. Amma ki sani motar nan tana da matsala mai zurfi, sai an sake sauke giyabos."

Mama ta buɗe baƙar ledar nan. Takalman ruwa ne na roba, dogaye, Yaya. Tun daga gida ta taho da su. Ta cire nata ta ba ni riƙo, ta zura su, ta tattare zani, ta shiga taɓon nan caɓal caɓal, ta buɗe ƙofa ta hau. Ta jawo kujera gaba. Ta gyara madubi, har ta duba ɗankwalinta a ciki. Ta sa babbar giya a tsakiya, sannan ta kama 'yar ƙaramar giyar nan ta ja ta baya har ƙarshe. Muka ji ƙwas.

A nan ne abin ya faɗo mini. Ban tuna wa Baba ya mayar da ita ba. Na kalli Baba, shi ma bakinsa a buɗe.

Ta sa ribas. Giwa ta yi wani nishi, tayoyi huɗu suka kama, ta fito daga taɓo da baya kamar ba ita ba. Ta hau busasshiyar ƙasa, sarƙa ta miƙe ta yi tsam. Mama ta leƙo ta ce wa direban bas ya shiga ya riƙe sitiyarinsa. Ta taka a hankali, ba ihu ba hayaƙi. Bas ta yi wani tsotsa kamar an cire ƙafa daga laka, ta biyo ta har tsakiyar fili, robobin abincin 'yan aji ɗaya na gangarowa daga ƙofa.

Tafi kamar filin zai tsage. Shugaba da kanta ta taso ta rungume Mama. Baba ya miƙe, laka na zuba daga bayansa, ya ɗaga hannu yana amsa tafin.

"Kun ga kwanbata? Kun ga ja? Da hannun nan na ɗaura shi."

"Gaskiya ya ja," in ji Mai Aski. "Direba kawai yake jira."

Baba ya matsa kusa da taga ya rage murya, amma lasifika tana hannuna a kunne, kowa ya ji.

"Maman Auta, kin san 'yar giyar nan tana tsakiya?"

"Ina shanya ka sa ta."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ka ce ko wuta take ci. Kuma ba ni ka ce in tuna maka ba."

Duk suka juyo suka kalle ni, ina tsaye ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu. Malamin kimiyya ya zo ya karɓi lasifikar a hankali, ya ce tunda an taru bari a ƙaru da gaske. Wai tok ɗin mota daban, tok ɗin magana daban, ko rubutunsu ba ɗaya ba ne. Na motar ƙarfin murɗawa ne, irin wanda kike sawa in za ki buɗe murfin kwalba. Ya tambaya wa ya ce mota na jin magana. Yatsu wajen ɗari suka nuna ni. Monita ba ta ma nuna ba, ta zo kusa ta ce, "Sannu, Tok Kwanbata." Kafin in kai get har mai gadi ya iya sunan.

A hanyar gida Mama ta shimfiɗa wa Baba leda a kujerar gefe kafin ya zauna. Muka zo hawan layinmu, Giwa ta haye shi kamar ba hawa ba, gaskiya tukunyar Baba ta yi aiki. Shi kuwa tun daga get bai yi shiru ba. Rage wuta, ga rami can, ba haka ake riƙe sitiyari ba, kin ji yadda take ja, wannan fa duk aikina ne. Ni ina baya ina taya shi, don dai gado ba a ƙi shi.

Mama ta yi fakin a tsakar gida, ta ja hambirki har sai da ya yi ƙara, ta zare mukulli ta jefa a jakarta ta ja zif.

"Auta, ashe fassararki daidai ce, malaminku ne bai gane ba," ta ce. "Haka za mu riƙa yi daga yau. Ke da babanki ku yi tok ɗin, ni in yi kwanbata."